Amsoshin Tambayoyinku: Tsatsa a Ƙarƙashin Fijo 504

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar Fijo 504 haɗin Kaduna, ta 1984, kuma da aka raba gado ita ce ta faɗo a rabona. Ta daɗe a ajiye a tsakar gida, sai dai a tayar da injin jefi-jefi. Kwanan baya na kai ta gareji aka ɗora ta a kan rami, sai na ga ƙasanta duk ya yi ja da tsatsa, amma ban ga inda ya huje ba. Bakanike ya ce a fesa mata baƙin mai. Mai fenti kuma ya ce a shafe ta da baƙin fentin nan mai kwalta a huta. Ni dai ba sayar da ita zan yi ba. Wanne zan bi a cikin biyun? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kyautata makwancinsa. A yanzu dai kada ka bi ko ɗaya. Bakaniken da mai fentin duk rufewa suke so a yi, ita kuwa tsatsa ba a rufe ta sai an san zurfinta, an kankare ta, wurin ya bushe sarai. Ka yi haƙuri mu bi abin daki-daki, domin aikin da za a yi wa motar nan sau ɗaya ake yinsa, idan aka yi shi daidai.

Akwai abin da ya kamata ya kwantar maka da hankali tukuna. Motar da aka haɗa a masana'antar Fijo ta Kakuri, wadda ta fara aiki a 1975, ta kuma yi rayuwarta a Arewa, ta tsira daga babban abin da ke cinye 'yan'uwanta a Turai. A can, idan sanyi ya kankama, gishiri ake watsawa a kan tituna don ƙanƙara ta narke, tayoyi su yi ta fesa ruwan gishirin cikin kowane lungu na ƙasan mota. Tsatsa abu uku take buƙata: ƙarfe, ruwa da iska. Gishiri kuwa saurinta yake ninkawa, ya kuma jawo laima ya riƙe ta a jikin ƙarfe. Wannan na cikin dalilan da suka sa 504 ta yi wuyar gani a Faransa, inda ta fara fitowa a 1968, alhali a nan an ci gaba da haɗa ta har bayan shekarar 2000. Mu muna da watanni masu yawa na rani da ƙarfe ke samun hutu. Saboda haka akwai kyakkyawan zaton cewa jan da ka gani bai yi zurfi ba.

Sai dai ba a gina aiki a kan zato, kuma ga dalilin da ya sa nake so ka tabbatar. A zamanin da aka tsara 504 ba a saba lulluɓe jikin mota gaba ɗaya da tutiya ba, wato abin da ke hana kwanon rufi saurin tsatsa. Sai a tsakiyar shekarun 1980 ne kamfanoni irin su Audi suka mayar da hakan ƙa'ida. Kariyar motarka ita ce fenti da ɗan abin da aka shafa mata a masana'anta, kuma sun tsufa. Na biyu, 504 salun ba ta da shasi na daban kamar babbar mota, wanda ake ɗora jiki a kai. Jikin nata shi ne ƙashin bayanta. Daɓen da kake taka ƙafa a kai, da dogayen ƙarafan nan biyu masu rami a ciki da ke ƙarƙashin ƙofofi, su ne ke ɗauke da nauyin inji da mutane, kuma kaurin farantinsu bai wuce milimita ɗaya ko kusa da haka ba. Ƙarfe mai wannan kaurin ba shi da rarar da zai ba tsatsa ta ci.

To, yaya ake tabbatarwa? Da wanki ake farawa. A ɗora motar a kan rami, a wanke ƙasanta da ruwa mai ƙarfi, a bi bakin madigadi ta ciki da yatsa a fitar da busasshen taɓon da ya maƙale. Taɓon nan shi ne mugun. Ƙasa ce mai riƙe ruwa, ko titi ya bushe ita tana nan da danshinta kwana da kwanaki. Bayan wanki a bar motar ta sha iska kwana biyu ko uku. A cikin wannan jiran ka sa a cire kujeru, a ɗaga kafet da robar ƙasa da soson da ke ƙarƙashinsu, a kwashe duk abin da ke cikin but. Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali a tsofaffin motocinmu daɓe yakan ruɓe ne ta sama. Robar gilashi ta tsufa ta tsage, ruwan sama ya zubo ya kwanta a ƙarƙashin kafet, ba mai gani. Idan kuma an taɓa ɗaukar buhunan takin zamani ko gishiri a but ɗin, ka dubi wurin da idon basira, don taki yana cin ƙarfe ci na gaske.

Daga nan sai ka ɗauki sukundireba da ƙaramar guduma da tocila ka shiga ramin da kanka. Kada ka wakilta kowa a nan. Inda ka kankara jan ya zube kamar gari, farin ƙarfe ya bayyana a ƙarƙashi, ka buga ka ji ƙara mai kaifi, wannan tsatsar sama ce, kuma ita ce muke magana a kai. Inda ka ga ta yi ɓawo-ɓawo tana ɓarewa, ƙarfen ya yi ƙananan ramuka, ta fara shiga jiki, amma idan ka danna da ƙarfi bai lotsa ba, ana iya ceto shi. Inda kuwa ƙarar ta mutu, ko bakin sukundireba ya nutse, maganar fenti ta ƙare a wurin, aikin mai walda ne. Ka kula da duk inda fenti ko tsohon shafi ya kumbura. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri ninki da yawa, shi ya sa take ɗaga fenti, take buɗe haɗin faranti biyu. Kumburi alama ce ta cewa akwai abin da ke ƙasa, a fasa shi a gani.

Wuraren da na fi so ka tsananta bincike su ne ƙarafan ƙarƙashin ƙofofi, musamman inda ake kafa jak, daɓen gaba a wajen ƙafar direba da na mai zaman banza, saman shok na gaba idan ka buɗe bonet, mazaunin batir, wuraren da kayan tayar baya suka kama jiki, da ƙasan but inda safaya take rataye. Mazaunin batir nasa ciwon daban ne, ruwan batir ne ke cinsa. A wanke shi da ruwan da aka jiƙa bekin soda a ciki har ya daina kumfa, sannan a ɗauraye. Na san wasu kan ce a sa kanwa. Kanwa tana kashe kaifin asid, gaskiya ne, amma tana tafe da gishiri a cikinta, ga shi gishirin muke gudu.

Idan an sami inda ya huje, ga abin da za ka tsaya a kai: a yanke ruɓaɓɓen har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, a yanko sabon faranti daidai ramin a haɗa. Ɗora faci a kan ruɓa yana barin aljihu tsakanin faranti biyu inda ruwa zai zauna. Bodi-fila kuwa ba shi da hurumi a ƙasan mota ko kaɗan. Ba ya ɗaukar nauyi, kuma yana shan ruwa.

Kafin a taɓa giranda, a yi maganar rai. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko da na minti ɗaya ne. Ko rami, ko ƙafafun ƙarfe masu ƙwari a kan daɓen siminti, ba bulo ba. A cire kan batir. A sauke tankin fetur idan da hali, don tartsatsi da tururin fetur ba sa haɗuwa, kuma saman tankin da jikin da ke bayansa wuri ne da tsatsa ke ɓuya. Wanda zai yi aikin, ko kai ne ko yaron gareji, ya sa tabarau na kariya da takunkumi mai kyau. Zaren burushin waya yakan tsinke ya yi tsalle da gudu, kuma ido ba shi da safaya. Tsohon fenti yana iya ƙunsar darma, ƙurar tsohon birki kuma tana iya ƙunsar asbestos mai lalata huhu, don haka a jiƙa ta a share, kada a hure ta da iska. Ina roƙonka, idan yaro ne zai kwanta a ƙarƙashin motarka, kuɗin tabarau da takunkuminsa su fito daga aljihunka.

Kankara ita ce mafi yawan aikin, kuma ita ce wadda kowa ke son gajartawa. Tsohon shafin masana'anta, inda yake manne gam ba tsaga, a ƙyale shi. Inda ya tsage ko ya saki, a ɓamɓare shi da abin kankara har a wuce iyakar tsatsar da kamar faɗin yatsa biyu, sai an ga ƙarfe mai haske ta kowane gefe. Sannan a bi da burushin waya na giranda ko na dirila, lunguna kuma da na hannu da samfefa mai kaushi. Dutsen giranda na yankan ƙarfe ko na gurza walda bai dace da nan ba, cikin ƙiftawar ido yake sirantar da farantin. A kuma lura, burushi yakan goge tsatsa ta yi baƙi tana sheƙi har a ɗauka ƙarfe ne. A gwada da samfefa, idan jan gari ya fito, da sauran aiki. Akwai masu feshin yashi, kuma babu abin da ya kai shi fitar da tsatsa daga ramuka, amma yashi yana shiga ko'ina, ƙurarsa tana illata huhu, kuma hannun da bai ƙware ba yana iya lanƙwasa faranti. Ga tsatsar sama, burushi da haƙuri sun wadatar.

Bayan kankara a cire maiƙo. A goge da tsumma mai tsabta da tina ko maganin cire maiƙo na masu fenti, a yi ta sauya tsumman har ya daina baƙi. Kananzir da man gas suna barin nasu maiƙon, ba su dace da sharar ƙarshe ba.

Yanzu ga inda ake yawan ruɗewa. Ko an kankara yaya, akwai ragowar tsatsa a gindin ƙananan ramuka da burushi ba ya kaiwa. Ita ake sa wa ruwan kashe tsatsa, kuma iri biyu ne suka fi yawa. Ɗaya an yi shi da fosforik asid, yana mayar da tsatsar wani busasshen shafi mai ruwan toka ko baƙi wanda fenti ke kamawa da kyau. Ɗayan an yi shi da tanin, irin su Fertan, yana mayar da ita baƙa mai ratsin shuɗi. Wannan na biyun ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tanin shi ne abin da ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, kuma idan baduku ya shafa kulokon da aka haɗa da kashin maƙera a kan jemammiyar fata ta koma baƙa, haɗuwar ƙarfe da tanin ɗin ce ta ba da launin. Abin da ke faruwa a ƙasan motarka ke nan. Amma ka riƙe abu biyu. Maganin nan siririyar tsatsa kawai yake iya ratsawa. Idan aka shafa shi a kan ɓawo mai kauri, saman ne zai yi baƙi, ƙasan yana nan da ransa. Kuma shi ba fenti ba ne, ba ya tare ruwa. Da zarar ya gama aikinsa, dole a rufe shi. A karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwanin, don wasu ana ɗauraye su da ruwa kafin fenti, wasu ba a yi, kuma wanda aka bar ragowar asid a kansa fenti ba ya zama.

Idan wani ya kawo shawarar ruwan batir ko asid ɗin wanke tayil, ka ƙi. Suna cire tsatsa nan take, su kuma shige cikin haɗin faranti inda ba mai iya ɗauraye su, su ci gaba da ci.

Fenti hawa-hawa ne. Na farko, wanda masu fenti ke kira firaima, shi ne ke riƙe ƙarfen, kuma a nan nake so ka kashe kuɗinka. Mafi inganci shi ne efoksi mai haɗi biyu, wanda ake gauraya shi da mai busar da shi kafin a shafa. Yana kama ƙarfe gam, ruwa ba ya ratsa shi. Mai tutiya a ciki ma yana da kyau, amma a kan ƙarfe tsirara yake aiki, don sai tutiyar ta taɓa ƙarfen take kare shi. Jan fentin nan da masu walda ke shafa wa ƙofofi da tagogi ya fi babu, sai dai shi kaɗai ba ya jure ruwa da tsakuwa, dole a bi shi da wani. A yi shafi biyu, kuma da burushi ya fi a ƙasan mota, don yana cusa fentin cikin ramuka. A cike bakin haɗin faranti da gam ɗin da aka yi don haka, sannan a bi da fentin sama mai tauri, shi ma shafi biyu. Ni na fi son a bar daɓen da launi mai haske, ruwan toka ko launin motar. Ranar da tsatsa ta sake ɓullowa, ido zai kama ta tun tana ɗigo.

Wannan ya kawo mu ga shawarar mai fentinka. Baƙin shafi mai kwalta an yi shi ne don tare duwatsun da taya ke harbawa da rage ƙara, kuma a cikin madigadi, a kan lafiyayyen fenti, yana da amfani. A kan tsatsa kuwa ɓarna ce tsantsa. Da zafinmu yana bushewa ya tsattsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ƙarfe ya yi ta ruɓewa a ɓoye yayin da daga waje kake ganin baƙi sumul. Abin da ke ɓata mini rai da shi shi ne yana hana mai mota sanin halin da motarsa ke ciki har sai ranar da jak ya ɓurma. Shi ya sa duk mai sayen tsohuwar mota da ya ga ƙasanta da sabon baƙin shafi ya kamata ya ƙara tambaya.

Shi kuwa bakanike, a yi masa adalci, akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Mai yana korar ruwa. Ka dubi ƙasan injin da ke yoyo, ba za ka ga tsatsa a wurin ba. Matsalar tana ga baƙin man kansa. Man da ya gama aiki a inji yana ɗauke da dattin ƙonewa da asid da ɗan ruwa, kuma yawan taɓa shi yana da illa ga fata. Yana kumbura robobin ƙasan mota ya lalata su. Idan ya sami birki ya ɓata shi, idan ya sami salansa ya yi hayaƙi. Yana kama ƙura ya zama laka. Mafi muni ga mai niyya irin taka, ƙarfen da ya sha baƙin mai ba ya karɓar fenti sai da wahala mai yawa, don man yana ci gaba da tsattsafowa daga haɗin faranti. Idan ka fesa yau, ka toshe wa kanka hanyar gyaran gaske.

Amma dabarar da ke bayan maganarsa tana da wurinta, kuma shi ne mataki na ƙarshe. Cikin ƙarafan ƙarƙashin ƙofofi, da cikin ƙofofin kansu, da duk wani ƙarfe mai rami, ba burushin da zai shiga. Daga can ne tsatsar da ke kashe mota take farawa, ta ci daga ciki zuwa waje. Maganinsu kakin mota ne mai ruwa-ruwa, irin su Waxoyl ko Dinitrol, wanda ake fesawa da doguwar tiyo ta ramukan da ke jiki, ya malala cikin haɗi ya zauna bai daskare ƙam ba. A nemi shi a wurin masu kayan fentin mota, a Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Idan bai samu ba, sabon man inji mai tsabta ya fi barin wurin a bushe, sai dai za a riƙa sabuntawa. A yi wannan bayan an gama duk wata walda da fenti, don kakin yana kama wuta. Kuma a bi ƙananan ramukan zubar ruwa da ke gindin ƙofofi da ƙarafan nan da waya a tabbatar a buɗe suke. Masu fenti suna yawan toshe su ba da gangan ba.

Bututan birki kada a yi musu fenti don a ɓoye tsatsarsu. Wanda ya yi ramuka ko ɓawo a sauya shi, shi da na fetur. Salansa a ƙyale ta, ko a sa mata fentin da ke jure zafi.

Game da lokaci, bayan ɗaukewar damina ya fi, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da iska ta bushe amma ƙurar hunturu ba ta yi kauri ba. A yi aikin a cikin rumfa, a yayyafa wa ƙasa ruwa don ƙura ta kwanta. Bushewar iskarmu tana da nata cikas: ruwan kashe tsatsa yana buƙatar ya daɗe da danshi kafin ya gama aiki, kuma a rana ko iskar hunturu yakan bushe da wuri. A shafa shi a inuwa, da safe ko da yamma, idan ya bushe wurin bai yi baƙi sosai ba a ƙara. Ƙarfen da aka kankare kuma kada ya kwana tsirara. Gara a raba ƙasan motar kashi-kashi, a gama da ɗaya har firaima kafin a buɗe wani. Ka riƙa ɗaukar hoto da wayarka kafin a rufe kowane kashi, kuma ka shirya da mai aikin tun farko cewa ba za a shafa komai ba sai ka gani.

Ka ce motar ta daɗe a tsakar gida, kuma ina kyautata zaton daga nan jan ya samo asali. Ƙasa tsurarta tana fitar da laima, musamman da damina, kuma motar da ke tsaye wuri ɗaya ita ke shanye ta. Idan an lulluɓe ta da leda ko tamfol har ƙasa, an kulle laimar ke nan a ciki. Ka sama mata daɓen siminti da rufin sama, gefe a buɗe iska na wucewa. Ka riƙa fita da ita tana zagayawa har inji da salansa su yi zafi sosai, don tayar da inji na minti biyar a tsaye ruwa yake tarawa a cikin salansa. Duk ƙarshen damina a wanke ƙasanta, a shiga rami da tocila, inda dutse ya fasa fenti a goge a ɗiga masa sabo, kakin cikin ƙarafa kuma a sabunta shi duk bayan shekara biyu ko uku.